Ƙafar da Ta Daina Jin Ciwo

Bana ruwa bai yi mana rowa ba. Tun ba a gama kai taki gona ba ya sauka, kuma da ya fara bai tsaya jan rai ba, yau hadari gobe yayyafi, har tabkin da ke bayan garinmu, nan kusa da Mallawa, ya cika ya cinye hanyar masu amalanke. Shekaranjiya na fita neman tafasa sai na tarar da jikana Lawali tsamo-tsamo a ciki har gwiwa, wai moto, babur ɗin nan nasu, yake wankewa. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce ya fito mini daga ruwan nan kafin in iske shi. Ya fito yana dariya, abokansa na taya shi.

Ya ce, "Kaka, ruwa ne fa, ba wuta ba."

Na ce, "Kurkunu fa?"

Ya ce ya taɓa jin sunan a lakwal, wajen malaman boko.

A lakwal. To madalla. Su ruwan shansu a foraj yake, rijiyar burtsatse, a kai bido na roba a murɗa fanfo a cika, a ɗoro a bayan moto. Na dawo gida ba tafasar, na zauna a ƙofar ɗaki, kuma tun ranar wata tsohuwar damina take ta zuwar mini, na rasa yadda zan kore ta.

A lokacin ina aure a wani ƙauye gabas da Bande. Ba yarinya ba ce ni, na yi haihuwa biyu, na farin ya koma, na biyun, Sale, yana bayana yana shan nono. Mijina sunansa Nomau. A da bakina ba ya iya faɗin sunan nan, Malam nake ce masa, amma yanzu ƙasa ta rufe shi, ni ma saura ƙiris, bari in faɗa. Dogo ne, mai zafin nama, mai zafin rai. Ni ma wajen zafin rai ba a bar ni a baya ba, in muka fara har maƙwabta suna leƙowa ta saman danga. Amma ina son sa. In faɗi wannan tun yanzu, kada wani ya ji abin da na yi ya ce ƙiyayya ce.

Daminar da ta gabaci wannan ba ta yi ba, hatsi ya bushe yana tsaye. Kafin bazara ta yi nisa mun share gindin rumbu da tsintsiya. Akuyoyina suka bi hanyar kasuwar iyaka ɗaya bayan ɗaya, suka dawo mana garin rogo. Da shi ma ya ƙare sai muka koma jeji. Da sassafe mu mata mu fita yaɗiya, mu dawo rana ta take, yashi na gasa tafin ƙafa, a dafa da kanwa, a barbaɗa dusa a kai, a ci a kora da ruwa. Iri kuwa Inna, uwar mijina, ta zuba shi a tulu ta liƙe bakin da laka ta tura ƙarƙashin gadonta. Ta ce duk wanda ya taɓa tulun nan ba ita ta haife shi ba, kuma ni take kallo da ta faɗa.

Rijiyar garin guda ce, mai zurfin tsiya, a bazara sai ka yini a bakinta guga ya fito maka da laka. Shi ya sa in ruwa ya sauka ba mai sake kallon ta. Tabki muke zuwa. A nan ake wanka, a nan shanu suke sha, a nan muke cika tulu. Haka muka tarar, haka muke yi kowace shekara.

Ruwan shuka ya zo da ƙarfinsa. Har yanzu ina jin ƙamshin ƙasar nan. Inna ta fasa tulu, Nomau yana gaba da sungumi yana sara, ni da ita muna baya muna jefa iri muna rufewa da diddige, cikinmu ba komai sai ruwan dusa. Gero ya fito kore shar, ciyawa ta biyo shi a guje. Daidai lokacin da za a shiga noman fari, daidai lokacin da kowane namiji ya kamata a ce yana duƙe a gona, sai kurkunu ya sauka a garin.

Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Da farko ƙaiƙayi ne, sai bororo ya taso, galibi wajen idon sawu, sai ya fara ƙuna kamar an ɗora garwashi. In ya fashe sai ka ga kan wani farin zare ya leƙo. Mu a lokacin jijiyar mutum muka ɗauke shi, muna cewa jijiya ce ta lalace take neman hanyar fita. Ba a ƙashi yake ba, ba kuma can cikin tsoka ba. Duk macen da ta taɓa riƙe ƙafar rago ana feɗe shi ranar layya ta san farin tantanin nan da ke tsakanin fata da nama, wanda wuƙa take bi. To a nan yake kwance, wani lokaci har kana ganin shatinsa a ƙarƙashin fata ya nannaɗe. Kuma ban san wani wuri a jikin ɗan Adam da ya kai wurin nan jin ciwo ba. Ƙuda in ya sauka a kai sai ƙato ya yi ƙara.

Maganinsa haƙuri. A sami ɗan tsinke a naɗe kan, kullum a murɗa kaɗan, in ya tirje a bar shi sai gobe. Yana iya cin wata, yana iya wucewa. In ƙunar ta yi yawa mutum ya ja jiki zuwa tabki ya tsoma ƙafar ya ji sanyi, mu kuma muna gefensa muna cika tulu.

A shekarar ya kama maza kamar an aiko shi. Ka bi layi ka ga magidanta zube a gindin bishiya, kowa da tsinke a ƙafa, wasu da rarrafe suke zuwa masallaci. Gayya ba ta yiwu ba, don mai kiɗan gayyar ma yana kwance da nasa har a gwiwa.

Na Nomau a ƙafar hagu ya fito, sama da idon sawu ta waje. Haƙuri kuwa ba a raba da shi ba. Ina murɗa masa a hankali yana cewa in ƙara, ina cewa ya tirje. Wata safiya na tafi tabki, kafin in dawo ya kama tsinken da kansa ya fizga. Zaren ya tsinke, sauran ya koma ciki.

Kafin a jima ƙafar ta zama turmi. Fatar ta yi sheƙi, ta yi zafi, ko gefen zane ya shafe ta sai ya danna ihu. Mutumin da na taɓa gani kunama ta harbe shi ya ci gaba da ɗaurin dami, ga shi yana cizon tabarma. Ni da Inna muka ɗauki hauya. Sale a bayana, nono ba ruwa, ina noma ina ganin duhu-duhu. Abin da muka nome da safe bai kai shimfiɗar zana biyu ba, ga gona har inda ido ya tsaya, harƙiya ta fara shaƙe geron. Ranar da Nomau ya ja gindi har bakin gona ya ga yadda take, sai ya juyo gida. Da ya dawo ya ce wa wansa, Yaya Idi, a kira masa wanzami a yi sakiya.

Sakiya ita ce a gasa tsinken ƙarfe a wuta sai ya yi ja, a soka a cikin kumburin don mugunya ta fita. Na taɓa gani an yi wa wani kawuna, kuma bai sake takawa daidai ba. Na ce ban yarda ba. Nomau ya ce ba a tambaye ni ba.

Da hantsi aka yi, a gindin bishiyar bedin ƙofar gida. Wanzamin tsoho ne, ya buɗe zabirarsa ya hura gawayi ba ya kallon kowa. Aka nemo mazan da suka rage da ƙafa, suka kwantar da Nomau, wani ya hau ƙirji, wasu suka danne cinyoyi, Yaya Idi ya tura masa kara a baki. Da na ga ƙarfen ya yi ja na yi kukan kura na haure kaskon wutar, garwashi ya watse. Yaya Idi ya tashi ya ɗauke ni da mari har na ga wuta, mata suka ja ni suka danne a jikin danga, na ciji hannun ɗaya sai da ta sake ni, wasu suka kama. Aka sake hura wutar. Ina ji ina gani aka soka. Ƙarar da ya yi ba irin ta mutum ba ce, kaji suka watse, ƙaurin nama ya cika wurin, mugunya da jini suka yi tsartuwa har kan rigar wanzamin.

Wanzamin ya ce shi ke nan. Nomau ya tofar da karan ya ce, "Ƙara. Har yanzu ina jin sa. Nan ƙasa, ka bi da shi a kwance."

Tsohon ya ce ba a yin haka. Nomau ya zage shi, ya ce in ba zai iya ba ya ba shi ƙarfen. Sai tsohon ya mayar da shi wuta, ya sake sokawa, wannan karon ya bi ƙarƙashin fata da shi a kwance, ya murza. Nomau ya sandare, ya saki fitsari, sai kuma ya yi lakwas. Na ɗauka ya mutu. Can sai ya buɗe ido ya ce, "Ya ɗauke."

Kuma ya ɗauke ɗin. Daga wajen ƙwauri har bayan ƙafa zuwa yatsu, ciwo ya tafi ɗungurungum. Bayan 'yan kwanaki ya ɗaure wurin da tsumma ya saɓi hauya. Gari ya ɗauka. Mazan da ke kwance suna ganin gonakinsu na mutuwa suka ga Nomau yana wucewa da sassarfa, sai kowa ya ce shi ma irin ta Nomau yake so, mai zurfi, ta kwance. Kullum da hantsi sai ka ji ihu daga wani gida, ƙauri ya biyo iska. Wasu ciwonsu ya ƙaru, wasu suka dace, a cewarsu. Cikin waɗanda suka dace har da maƙwabcinmu Habu, saurayin magidanci mai 'ya'ya ƙanana.

Ni ma da farko na yi murna, ba zan ɓoye ba. Nomau yana gaba yana kai hauya, ciyawa na zubewa, geron ya fara numfashi. Sai wata rana ina biye da shi a kunya na ga jini a kan ƙasa, ɗigo-ɗigo, yana bin sawunsa. Na ce, "Malam, tsaya." Ya sare bayan ƙafarsa da hauya, fata ta buɗe har ana ganin fari, bai sani ba. Ya duba, ya yi dariya, ya ɗebi ƙasa ya zuba a kai ya ci gaba.

Da yamma ina dafa tafasa yana zaune kusa da murhu, garwashi ya yi tsalle ya faɗa masa a kan ƙafar. Hira yake da Inna. Ni na ji ƙaurin, na kaɗe da ludayi. Ya ce, "Kin gani? Allah Ya raba ni da wahala." Na dube shi na ga mutum yana murna an kashe masa karen gida, ga ɓarayi a bakin danga.

Marka ta shigo. Ruwa ba dare ba rana, ɗakuna suna yoyo, itace ya jiƙe, hayaƙi ya hana mu buɗe ido. Shi kuwa kullum yana cikin laka da ƙafar nan. Sai ta fara wari. Tsumman da nake wankewa da safe kafin azahar ya jiƙe da wani ruwa mai ɗoyi. Ƙudaje suna bin sa har gona. Ranar da na kwance na ga tsutsa na motsi a ramin sakiyar, na fita bayan ɗaki na yi amai, ba ma abin da zan amayar. Gefen ciwon ya fara baƙi, kaluluwa ta taso masa a matsematsi, da yamma zazzaɓi ya rufe shi yana kaɗuwa, da safe ya tashi ya nemi hauya.

Na ce, "Malam, mu je gidan likita a Magariya. Ƙafar nan ruɓewa take."

Ya ce, "Tana miki ciwo ne? Ni ba ta yi mini."

Na ce, "Ai da tana yi da ka kwanta."

Ya ce in ya kwanta uban wa zai yi maimai. Na ce gara mu ci ciyawa da in zauna da gurgu. Ya kai mini hannu, na kai masa, Sale yana tsala kuka a tsakaninmu.

Ba inda ban je ba. Yaya Idi ya ce mace ba ta hana namiji gonarsa. Mai gari, shi ma da tsinkensa a ƙafa, ya ce in yi haƙuri, ai mutumin da ke tafiya da ƙafarsa ba a ɗaukar sa a kai likita. Inna ce kaɗai ta san gaskiya, don ita ma tana da hanci. Ta ce, "Tsahara, in ya kwanta me za mu ci?" Na ɓoye hauyar a cikin rumbu, ba komai a cikinsa dama. Ya nemo ta, ya zane ni da igiyar guga har bayana ya fashe.

Sai Habu ya mutu. Ƙafarsa ta yi baƙi har gwiwa, yana noma ya faɗi a kunya, aka kawo shi gida haƙora a datse, bai kwana biyu ba. Nomau yana cikin masu ɗaukar makara. Ina leƙe ta danga na ga inda duk ya taka sai ya bar danshi. Na ce a raina yanzu kam ya ga aya, gobe zai ce a nemo amalanke.

Washegari ruwa ya ɗauke da hantsi, rana ta fito mai cizo. Ina tsakar gida ina dakan dusa, Sale yana wurin Inna. Sai ga shi ya fito daga ɗaki, idanu jajur don zazzaɓi, leɓe a bushe, hauya a kafaɗa. Na tsaya a bakin ƙofa da taɓarya a hannu.

Ya ce, "Ba ni hanya."

Na ce, "Jiya ka binne Habu."

Ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare. Matsa."

Na ce, "Wallahi Malam yau ba za ka gona ba."

Ya sa hannu ya ture ni na bugu da danga, ya wuce. Na dubi ƙafar hagun, tsumman ya zame, naman ya yi kore-kore, yana taka ta kamar ba tasa ba. Na dubi ta daman, lafiyayya. Ban yi dogon tunani ba. Wadda ta lalace ba za ta kwantar da shi ba, don ba ta da bakin faɗa masa. To ga mai baki. Na ɗaga taɓaryar da hannu biyu, yadda nake ɗaga ta a kan turmi, na sauke masa a ƙwaurin dama.

Na ji ƙarar ƙashin. Ya zube, ya ƙwalla ƙara har bayan gari, yana birgima a laka yana riƙe da ƙafar. Rabon da in ji ya yi kukan ciwo tun ranar sakiya. Ina tsaye na ce alhamdu lillahi, kuma a fili na faɗa.

Kafin in ajiye taɓaryar gidan ya cika. Yaya Idi ya shigo da sandar kiwo, bai tambayi komai ba ya hau ni. Ya fasa mini goshi, ya fitar mini da haƙorin nan na gaba, ga gurbinsa har yau. Mata suna cewa mayya ce, ta haukace, maza suna cewa a ɗaure ta a aika Bande a kira jandarma. Ina ƙasa jini ya rufe mini ido sai na ji Inna ta faɗo a kaina. Tsohuwar da ba ta taɓa yi mini kallon arziki ba ta rufe ni da jikinta, ta ce wa ɗanta in ya ƙara ɗaga sandar nan ita zai doka. Sannan ta ce, "Tunda ya kwanta, ku ɗauke shi ku kai shi likita. Duka biyun za a duba."

Aka aro amalanken shanu. Hanya duk ta zama kwari da laka, ƙafar amalanke na nutsewa, maza na turawa, duk girgizar da ya yi Nomau sai ya yi ihu. Ina biye a baya a ƙasa, Sale a goye, na ɗaure goshi da ɗankwali. Mun wuce gonarmu kenan ya ɗago kai ya ga geron, ya ga inda maimai ya tsaya. Ya juyo ya same ni da ido.

Ya ce, "Yaya, ka shaida. Na sake ta."

Yaya Idi ya ce, "Kin ji. Koma."

Na ce hanya ba ta ubansa ba ce. Na ci gaba da bin su har Magariya.

Majo, wato babban ma'aikacin likitar, wani siriri ne mai tabarau. Da ya kwance tsumman sai ya ja da baya ya rufe hanci, ya yi faɗa da Faransanci, sannan ya dawo Hausa. Ya sa almakashi yana yanke ruɓaɓɓen nama yana jefawa a tasa, Nomau yana kallon rufi ko gezau. Amma da aka taɓa ta daman sai da mutum biyu suka riƙe shi. Majon ya ce wa Inna a cikin tantanin nan na ƙarƙashin fata akwai jijiyoyi sirara, ido ba ya ganin yawancinsu, su ne suke kai wa mutum labarin zafi da sanyi da ƙaya, kuma ƙarfen ya bi ta kan babbar cikinsu ya ƙone ta. Ya ce da wuya jin ya dawo. Ya ce da mun ƙara kwanaki kaɗan sai dai a wuce da shi Damagaram a yanke daga gwiwa, in ma ya kai.

Sannan ya nuna ta daman ya ce, "Wannan fa?"

Yaya Idi ya ce saniya ce ta harbe shi.

Majon ya dubi goshina, ya dubi bakina, ya ce saniyar ta yi ƙoƙari. Ya ce in zauna ya ɗinke mini.

Ƙashin tsagewa ya yi, bai rabu ba, aka ɗaure. Aka yi ta yi masa allura, kullum a wanke ramin. Na zauna a gindin bishiyar likitar tare da sauran masu jinya, ina tsinto itace ina dama kunu da ɗan abin da dangi suka kawo. Nomau ya ce ba zai ci abin da hannuna ya taɓa ba. Sai in dama in ba Inna ta kai ta ce ita ta yi. Ranar da na ga naman ya fara ja, warin ya tafi, na aika wa babana. Ƙanensa ya zo ya tafi da ni gida, nan garin da nake zaune yanzu.

Gonar kuwa ciyawa ta ci fiye da rabi. Abin da Inna da matan dangi suka iya ceto bai kai su ko'ina ba, na ji an ce tun kafin sanyi ya wuce suka koma yaɗiya. A garinsu sunana ya zama abin tsorata amare. A garinmu ma sai da aka daɗe maza suna ba ni hanya in na ɗauko taɓarya. Ban damu ba. Abin da nake tambayar duk wanda ya zo daga wajen Bande shi ne ko Nomau yana takawa. Wani ya ce da sanda, wani ya ce bai gan shi ba.

Bayan an gama kai dami gida, wata la'asar ina sheƙa a bayan gari, na hangi mutum a kan turba yana tahowa daga yamma. Tun bai matso ba na gane tafiyar, ta Nomau ce. Ba sanda, ba jaki. Tun daga garinsu a ƙasa, tafiyar da mai lafiya ma sai ya kwana a hanya. Na bar ƙwaryar a nan na ruga gida, na wanke fuska, na canza zane, har kwalli na sa. Na ce biko ya zo.

Ya zauna da babana a zaure suka gaisa. Ina bayan zana ina ji. Ya ce ya ji an yaye Sale, ya zo ya tafi da ɗansa. Bai ambaci sunana ba.

Babana ya ce in kawo ruwa. Na shiga na durƙusa na ajiye ƙwaryar a gabansa. Ya kawar da kai wajen babana ya ci gaba da zancen yadda gero ya yi a wajensu. Ya rame ƙwarai. Ƙafafunsa suna miƙe a gabana cikin takalmin taya. Ta daman sumul. Ta hagun ramin ya cike, ya bar tabo mai faɗi, fatar ta tattare. A gefenta, sama da ɗan yatsa, wata doguwar ƙayar aduwa ta shige har rabi, jini ya bi ya bushe da ƙura. Allah kaɗai Ya san tun daga ina yake tafe da ita.

Babana ya ga inda nake kallo, ya mayar da idonsa waje. Na kama ƙafar da hannun hagu, na riƙe ta sosai, na zare ƙayar da na dama, na danne wurin da babban yatsa har jinin ya tsaya. Na daɗe a haka, fiye da yadda aikin yake bukata. Yana ta magana, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Bai ji ƙayar ba, bai ji hannuna ba.

Ya sha ruwan, ya yi wa babana sallama, ya ɗora Sale a wuya. Na bi su har bakin gari. Yaron yana kuka yana miƙo mini hannu, na kasa kallon sa, sai na sauke ido ƙasa. Ƙafafun nake kallo har suka sha kwana a bayan gonaki. Biyu ne, kuma duk suna takawa.